Karanta sayayyar kamfani daga littafin bashinsa

Kamfani ba ya sayayya irin ta mutum ɗaya, wanda zai miƙa kuɗi ya ɗauki kayansa ya tafi. Akasarin abin da ke shigowa sito ko ofis, a kan bashi yake shigowa. Mai kawo kaya ya sauke, ya bar takardar neman biya, wato inbois, a kan za a sallame shi bayan kwana 30 ko 45 ko 60. Daga ranar da kaya suka sauka zuwa ranar da kuɗi suka fita, adadin nan yana zaune a littafin akanta, a shafin bashin da masu kawo kaya ke bin kamfani. Wannan ba alamar karaya ba ce. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma kamfanonin da suka fi kowa kuɗi a duniya ma da irin wannan bashi suke juya harkarsu.

Abin da ya sa shafin nan ya fi sauran amfani ga mai son sanin inda kuɗi ke tafiya shi ne, kusan duk wata sayayya sai ta bi ta kansa. Sashen saye ya san odar da ya bayar ta ɗanyen kaya da kwalaye da kayan gyara. Amma sau da yawa ba shi da labarin kuɗin lauya, ko hayar sito, ko manhajar kwamfuta da wani sashe ya yi wa rajista ake caji duk wata, ko makanikin da aka kira cikin dare ya tayar da injin da ya tsaya. Ko ba su bi ta hannun mai saye ba, dole su zo teburin mai biya. Shi ya sa idan aka kwashe alƙaluman shafin aka mayar da su zane, a Excel ne ko Power BI, ko a cikin manhajar lissafin kanta irin su QuickBooks da SAP, ana iya ganin yadda sayayya ke tafiya: me ake ƙara saye, daga hannun wa, a wane lokaci, kuma a kan wane farashi.

Sai dai tarkon yana nan tun daga bakin ƙofa. Abubuwa uku ne a littafin, kuma ana yawan cakuɗa su: abin da aka saya, abin da ake bin kamfani, da abin da aka biya. Dangantakarsu ba ta da wuya. Bashin farkon wata, a haɗa da sababbin takardun inbois, a cire abin da aka biya da kayan da aka mayar, abin da ya rage shi ne bashin ƙarshen wata. Mu ce an shiga wata da bashin 100, aka sayi kayan 80, aka biya 60. Za a fita da 120. Wata na biye aka sayi kayan 50 kacal, amma aljihu ya yi ƙunci aka biya 20. Bashi ya zama 150. Manajan da aka miƙa wa zanen jimlar bashi zai ga layi yana hawa, daga 100 zuwa 120 zuwa 150, ya kira shugaban sashen saye ya ce masa ya rage hannu. Alhali sayayya ta faɗi daga 80 zuwa 50. Biya ne ya ja baya. Don haka wanda yake neman yanayin sayayya, sababbin takardun da suka shigo a kowane wata zai zana. Jimlar bashi amsar wata tambaya ce daban.

Ko an zaɓi abin da ya dace, sai kuma batun kwanan wata, wanda a ganina shi ne ya fi ɓata zane fiye da komai. Ɗauki sayayya ɗaya tak. An ba da oda a tsakiyar Maris. Mota ta sauke kaya ranar 28 ga Maris, mai sito ya ƙirga ya sa hannu. Mai kawo kaya bai rubuta inbois ba sai 3 ga Afrilu. Takardar ta zauna a teburin wani shugaban sashe da ya yi tafiya, ba a shigar da ita kwamfuta ba sai 19 ga wata. Aka biya ranar 2 ga Yuni. To sayayyar wane wata ce? In ka bi ranar biya, ta Yuni ce, kuma zanenka zai nuna maka halin ofishin akanta ne kawai: ranakun da suka saba fitar da kuɗi, da watannin da suka danne biya saboda ana jiran albashi. In ka bi ranar shigarwa, zanen zai nuna lokacin da ma'aikaci ya samu sukunin rage tarin takardun gabansa. Ranar karɓar kaya ita ce ta fi kusa da gaskiya, in babu ita sai ranar da ke jikin inbois. Kowacce aka ɗauka, a rubuta ta a ƙasan zanen, kuma kada a canza ta a tsakiyar shekara.

Daga nan wata illa ke fitowa da ke ruɗar ko da tsofaffin hannu. Watan ƙarshe a kowane zane kusan kullum yakan bayyana a sunkuye, kamar sayayya ta faɗi. Dalili kuwa takardunsa ba su gama isowa ba. Kaya na sito, amma inbois na hanya. Akantoci na da shafi na musamman na kayan da aka karɓa ba a kawo takardarsu ba, kuma in ba a haɗa shi cikin lissafi ba, gara a yi wa watan ƙarshe launi daban a rubuta cewa bai cika ba. An sha yin murnar an rage kashe kuɗi, bayan mako biyu takardu su iso murna ta koma ciki.

Kafin zane kuma akwai aikin shara, wanda ba mai so amma ba makawa. Mai kawo kaya ɗaya yana iya samun suna uku a kwamfuta, wani ya rubuta cikakken sunan, wani ya taƙaita, wani ya yi kuskuren harafi. A zane sai ya fito kamar ƙananan 'yan kasuwa uku, alhali shi ne babba. Kayan da aka mayar sai an cire su. Harajin VAT da kamfani zai karɓo daga baya ba sayayya ba ne. Injin da aka saya sau ɗaya a shekara goma, in aka bar shi cikin kayan yau da kullum, zai miƙe kamar hasumiya ya danne sauran watanni har ba a ganin motsinsu. Kayan da aka saya da kuɗin wata ƙasa sai an tsayar da farashin canjin da za a yi amfani da shi. Sannan rukunin nan da ake kira “sauransu”: duk kamfanin da wannan rukuni ya shiga cikin manyan uku a zanensa, bai fara rarraba sayayyarsa ba tukuna. A ƙarshe a gwada jimlar da ke zanen da ta babban littafin lissafin kamfani. Tsarin rubuta kowace ma'amala a ɓangare biyu, wanda Luca Pacioli ya bayyana a rubuce a Italiya a 1494, amfaninsa ke nan: in lissafi bai rufe ba, akwai abin da ya faɗi a hanya.

Zanen farko shi ne na layi, wata bayan wata. William Playfair, ɗan Sikotilan, shi ya fito da zanen layi da na sanduna don bayanin kasuwanci a 1786, kuma har yau babu abin da ya fi su. Wata 12 ba ya isa, domin kowace sana'a na da lokacin tashinta da na kwanciyarta, kuma da shekara ɗaya ba za ka bambance tashin da ke zuwa kowace shekara da tashin da yake sabo ba. A tara aƙalla wata 24, a gwada kowane wata da takwaransa na bara. A ɗora matsakaicin wata uku a kai don ya lafar da tsalle-tsallen da babbar oda ɗaya ke jawowa. Mafi muhimmanci, a ajiye layin ciniki kusa da na sayayya. Sayayya ta ƙaru da kashi 15 cikin 100, ciniki ya ƙaru da 20, babu abin damuwa. Sayayya ta ƙaru da 15, ciniki yana nan inda yake, to ko kaya na taruwa a sito, ko farashi ya tashi, ko ana asara a wani wuri.

Wannan ya kai mu inda zanen jimla yake yin shiru. Kuɗin da aka kashe haɗin abu biyu ne, yawan kaya da farashinsu, kuma layi ɗaya ba zai gaya maka wanne ya motsa ba. A ce bara an sayi guda 1,000 na wani abu a kan 50 kowanne, jimla 50,000. Bana an sayi 900 a kan 62, jimla 55,800. Zane zai ce an ƙara kashe kashi 11.6 cikin 100, mai kallo ya ce ai ba yawa. Amma a buɗe cikinsa. Ragin yawan kaya ya sauke lissafin da 5,000, wato guda 100 a tsohon farashi. Tashin farashi ya ɗora 10,800, wato ƙarin 12 a kan guda 900. Ashe farashi ya hau da kashi 24, raguwar sayayya ce ta rufe masa asiri. Ranar da kasuwa ta buɗe aka koma sayen 1,000, lissafin zai kai 62,000. Mai saye da ya zauna da dilansa riƙe da kashi 24 ba irin maganar da zai yi ke nan ba in da 11.6 ya zo.

Wannan rarrabewa ba ta yiwuwa sai in ana shigar da inbois layi-layi, da sunan kaya da adadi da farashin guda. Ofisoshi da yawa jimla kawai suke bugawa don sauri, suna ganin sun yi dabara. Sun ceci minti biyu a kan kowace takarda, sun kuma rufe wa kamfani ido daga abin da ya fi buƙatar gani. Inda ba za a iya yi wa kowane kaya ba, a yi wa ashirin ɗin da suka fi cin kuɗi.

Zane na biyu shi ne na masu kawo kaya, sanduna a jere daga mafi tsawo zuwa mafi gajarta, da layi a sama mai tara kason kowa a kan na baya. Ana kiransa da sunan Vilfredo Pareto, masanin tattalin arziƙin Italiya da ya lura a ƙarshen ƙarni na 19 cewa 'yan tsiraru ne ke riƙe da mafi yawan dukiya, daga baya Joseph Juran ya shigo da tunanin cikin harkar masana'antu. Kashi 80 da 20 da ake yawan ambata ba doka ba ce, kowane kamfani da nasa kason, amma siffar ba ta cika canzawa ba: kai mai kauri, wutsiya mai tsawo. Kan yana nuna wanda ya kamata a zauna da shi a nemi rangwame, yana kuma nuna haɗari, domin in rabin ɗanyen kayanka daga hannu ɗaya yake, ranar da ya samu matsala kai ma ka tsaya. Wutsiyar kuwa ɗaruruwan sunaye ne da aka sayi abu a wurinsu sau ɗaya ko sau biyu, kowanne da rajistarsa da takardarsa da wahalar biyansa. Idan tana ƙara tsawo shekara bayan shekara, ma'aikata ne ke saye ta bayan fage, ba ta hannun waɗanda aka yi yarjejeniya da su ba. Zanen da'ira mai yanka-yanka ba ya wannan aiki. Shi ma Playfair ne ya fito da shi a 1801, amma da zarar yanka ya wuce biyar ko shida, ido ba ya iya gwada su.

Sai zanen tsufan bashi, inda ake raba shi gida-gida: kwana 0 zuwa 30, 31 zuwa 60, 61 zuwa 90, da abin da ya haura 90. Hoton rana ɗaya ba ya faɗin abu mai yawa, sai an jera na ƙarshen kowane wata a ga ko tsofaffin gidajen na kumbura. A tambayi kuma daga ina aka fara ƙirga, daga ranar inbois ko daga ranar cikar wa'adi, don takardar da ta yi kwana 50 a kan wa'adin 60 ba ta makara ba. Abin da ke gidan sama da 90 kuwa ba kullum bashi na gaske ba ne. Wani saɓani ne a kan kaya da suka zo a lalace, wani an biya amma ba a haɗa biyan da takardarsa ba, wani an shigar da shi sau biyu.

Akwai adadi guda da masu zuba jari da bankuna ke so, wato matsakaicin kwanakin da kamfani ke ɗauka kafin ya biya. Ana raba matsakaicin bashi da sayayyar shekara, a ninka da 365. Bashin 90 a kan sayayyar 730 ya ba da kwana 45. Masu kallo daga waje, da yake ba su da adadin sayayya, sukan yi amfani da kuɗin da kayan da aka sayar suka ci, amma na ciki ba shi da uzurin yin haka. Hawan wannan adadi yana da fassara biyu masu kishiyantar juna: ko an yi ciniki mai kyau an samu dogon wa'adi, ko kuɗi sun yanke ana ta jan ƙafa. Zanen tsufan bashi ne zai raba gardama. In kwanaki sun ƙaru amma babu takardar da ta wuce wa'adi, na farko ne.

Jinkiri ma ba kyauta ba ne. Akwai sharaɗin da ya shahara a kasuwanci: a biya cikin kwana 10 a samu rangwamen kashi 2, ko a biya cikakke a kwana 30. Kashi 2 kamar ba komai ba. Amma wanda ya ƙi karɓa, ya biya 2 a kan kowane 98 don ya riƙe kuɗi kwana 20 kacal, wanda in aka auna da shekara ya kai kusan kashi 37 cikin 100. Ƙaramin zane na rangwamen da aka samu da wanda ya suɓuce yakan tayar da manaja daga barci fiye da dogon rahoto. Ga kuma doka. Tarayyar Turai ta kafa ƙa'ida a 2011 cewa hukumomin gwamnati su biya cikin kwana 30, kamfanoni kuma tsakaninsu kada su wuce 60 sai da yarjejeniya bayyananniya. A Birtaniya, tun 2017 manyan kamfanoni ke wallafa yadda suke biyan masu kawo musu kaya, sau biyu a shekara.

Birtaniyar ce kuma ta ga yadda wannan lissafi ke iya yaudara. Kamfanin gine-gine na Carillion, wanda ya rushe a Janairun 2018, ya kai wa'adin biyan masu yi masa aiki har kwana 120. Wanda ba zai iya jira ba sai ya karɓi kuɗinsa da wuri daga banki, kamfanin ya biya bankin daga baya. Abin da bankuna ke bin sa ta wannan hanya bai fito a matsayin rancen banki ba, an saka shi cikin wasu basussuka daban, kuma da ya faɗi, dubban ƙananan 'yan kwangila ne suka kwana ciki. A 2023 hukumar da ke tsara ƙa'idojin lissafi na duniya, IASB, ta wajabta wa kamfanoni su bayyana irin wannan tsari a rahotonsu, daga farkon 2024. Ga mai zane, darasin a fili yake: takardar da banki ya biya a madadin kamfani ba ta bar wuyan kamfani ba, a ware mata launinta.

Zane yana kuma taimakawa wajen kama hannun da bai da tsarki. A jera takardu bisa girman kuɗinsu. In ƙa'ida ta ce duk abin da ya kai 10,000 sai babban manaja ya sa hannu, sai aka ga tarin takardu a 9,500 da 9,800 da 9,950, sannan fili fetal bayan 10,000, to ana yanka oda gida biyu don a kauce wa sa hannun. Masu binciken kuɗi na amfani da wata ƙa'ida da Simon Newcomb ya fara lura da ita a 1881, Frank Benford ya sake gano ta a 1938: a tarin alƙaluma na gaske, lambar farko takan zama 1 kusan kashi 30 cikin 100, 9 kuwa ba ta kai kashi 5. Mai ƙirƙirar adadi daga kansa ba ya bin wannan tsari. Sai dai ba ta aiki a kan kuɗin da ke da tsayayyen adadi kamar haya, kuma saɓa mata ba hujjar sata ba ce, dalilin buɗe fayil ne kawai.

Wata damfarar ma ba lallai zane ya gan ta ba. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituwaniya ya karɓe fiye da dala miliyan 100 daga Facebook da Google ta hanyar aika musu takardun bogi da sunan wani kamfanin Taiwan da suke hulɗa da shi da gaske, har kotu a Amurka ta ɗaure shi shekara biyar a 2019. Sunan sananne ne, asusun banki ne ba nasu ba. Maganin irin wannan tsohon aiki ne na hannu: a haɗa takardar oda da shaidar karɓar kaya da inbois, a ga sun yi daidai kafin a biya, kuma duk wanda ya aiko cewa ya canza asusu a kira shi ta lambar da aka sani tun da.

Akwai abin da littafin bashi ba ya gani sam. Sayayyar da aka yi da katin kamfani, ko da 'yan kuɗin hannu na ofis, ko wadda ma'aikaci ya biya daga aljihunsa aka mayar masa, ba ta bi ta wannan ƙofa, sai an ɗebo ta daga inda take an haɗa. Sannan duk abin da ke cikinsa ya riga ya faru. Inbois da ya iso yau sakamakon shawarar da aka yanke makonni ko watanni da suka wuce ne, kuɗin kuwa sun riga sun hau kan kamfani. Mai son ya taka birki kafin a yi nisa sai ya ɗora wani layi a gefe, na odar da aka bayar wadda kayanta ba su iso ba, a rarraba ta bisa watan da ake sa ran saukarta. Idan wannan layi ya fara hawa a Maris, na inbois zai biyo shi a Afrilu ko Mayu, na biya kuma a Yuni, kuma a Maris ɗin ne kaɗai ake da damar kiran dila a rage oda ko a ɗaga ranar kawowa.